Darasi Na 14: Keke Mai Ƙafa Uku Da Inji Mai Juyawa

1. A Bakin Hanya

Kowa a cikin ajin nan ya san Kwanar Dangora. A nan ne hanyar Tudun Wada ta rabu da babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Zariya. Wanda ya bi ta sai ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore a ƙasar Doguwa, in ya so ya zarce har Jos. Mutanen Kiru da na Bebeji su ma nan su ke fitowa su sami mota.

In ka tsaya a bakin hanya da hantsi za ka ga motoci iri iri. Ga tirela, ga bas, ga akori-kura, ga babura. A tsakaninsu kuma ga wani ɗan ƙaramin abin hawa yana ta kai da kawowa. Ƙafarsa ɗaya gaba, biyu baya. Waɗansu su kan ce masa Keke Napep, waɗansu Adaidaita Sahu. Akwai mai ɗaukar mutane, akwai kuma mai buɗaɗɗen baya wanda a ke loda wa buhunan shinkafa da masara.

Samari da yawa da shi su ke ci da iyalinsu. Da yawa kuma bashi aka ba su shi, suna biya kaɗan kaɗan. In injin ya mutu, bashin yana nan. In keken ya kife, har rai a kan rasa. Saboda haka ya kamata mu san shi sosai. Yau za mu karanta asalinsa, da abin da ke cikin cikinsa, da labarin wani inji dabam da masu hikima suka ƙago, sa'an nan mu ga yadda a ke tada tsohon keke a tuƙa shi lafiya.

2. Mota Ta Fari

Waɗansu suna tsammani keke mai ƙafa uku baƙon abu ne. To, ku sani motar da a ke cewa ita ce uwar motocin fetur, ƙafa uku gare ta. Wani Bajamushe mai suna Karl Benz shi ya ƙera ta a garin Mannheim. Ran 29 ga Janairu 1886 ya nemi takardar hukuma ta shaidar cewa shi ya ƙago ta. Ya yi mata ƙafa ɗaya gaba domin a lokacin bai sami dabarar da ta gamshe shi ta karkata ƙafa biyu tare ba. Ba ta da sitiyari, sai wani ɗan hannu na ƙarfe da a ke murɗawa. Ƙarfin injinta bai kai na doki guda ba. Iyakar gudunta mil 10 a sa'a, watau kilomita 16. Mai keken ƙafa ma yana iya tsere mata.

Da fari mutane ba su yarda da ita ba. Sai a watan Agusta 1888 matarsa Bertha ta tashi da asuba, ta ɗauki 'ya'yansu maza biyu, suka hau wata irinta wadda aka ƙara gyarawa. Ta nufi gidan uwarta a garin Pforzheim, tafiyar kilomita 106, wajen mil 66 ke nan. A wannan zamani babu gidan mai ko ɗaya. Da man ya ƙare, a kantin mai sayar da magani ta sayo wani. Da hanyar mai ta toshe, ta zare tsinken hularta ta sokace ta. Birkin motar na katako ne. Da ya cinye, ta sa baduku ya liƙa masa fata. In sun zo tudu sai su sauka su tura. Ba su isa ba sai da duhu ya yi, amma sun isa. Da ta komo ta gaya wa mijinta abin da ta gani, aka ƙara wa motar giya domin hawan tudu.

Motar Benz ta fari tana nan ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Munich. A Ingila kuma akwai masu son tsofaffin motoci. Su kan nemo waɗanda suka ruɓe, su gyara su sarai. A watan Nuwamba su kan tuƙa su daga London zuwa Brighton, wajen mil 60. Ba a karɓar mota sai wadda aka ƙera kafin 1905. A cikinsu akwai masu ƙafa uku, sun wuce shekara ɗari, suna tafiya da ƙafarsu.

3. Yadda Keke Ya Zo Mana

Bayan yaƙin Hitila mutanen Italiya sun shiga talauci, ba su da kuɗin sayen mota. Wani kamfani mai suna Piaggio ya ƙera babur ɗin nan Vespa a 1946. A 1948 suka cire ƙafarsa ta baya, suka sa ƙafa biyu da akwatin kaya. Suka sa masa suna Ape, watau ƙudan zuma da bakinsu. Daga baya kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya ya sami iznin ƙera irinsa. Yawancin kekunan da mu ke gani yau daga Indiya a ke kawo su, na Bajaj da na TVS.

A Nijeriya sun fara suna a Ikko, zamanin Kanar Buba Marwa, wanda ya riƙe jihar daga 1996 zuwa 1999. Shi ya sa mutanen can su ke cewa Keke Marwa. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da talauci wanda a ke kira NAPEP, ta rarraba kekuna ga masu neman sana'a. Daga nan aka sami sunan Keke Napep. A Kano kuwa Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011, ya kafa shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. A zamaninsa aka kawo kekunan domin su ɗauki mata, sai sunan shirin ya bi su. A watan Janairu 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, sai kekuna suka cika gari, suka malalo har ƙauyuka.

4. Abin Da Ke Cikin Inji

Kun ga mace tana daka. Taɓarya ta hau sama, ta komo ƙasa cikin turmi. To, haka injin keke ya ke. A cikinsa akwai wata tukunya ta ƙarfe mai kama da turmi, sunanta silinda. Akwai kuma wani curin ƙarfe mai hawa da sauka a cikinta, sunansa fistan. Aikinsa huɗu ne, bi da bi.

Na ɗaya, fistan ya sauka ya shaƙo iska gauraye da fetur.

Na biyu, ya hau ya matse su wuri guda.

Na uku, fulogi ya ba da tartsatsi, fetur ya kama da ƙarfi, ya tunkuɗa fistan ƙasa. Nan ne ƙarfi ya ke fitowa.

Na huɗu, fistan ya sake hawa ya kore hayaƙi, ya fita ta salansa.

A gindin fistan akwai hannu wanda ya ke juya wata tanƙwararriyar sanda, kamar yadda ƙafar tela ta ke juya keken ɗinki. Wannan sanda ita ke kai ƙarfi ga giya, giya ta kai ga tayoyi. Wani Bajamushe, Nikolaus Otto, shi ya daidaita wannan tsari a 1876. Irinsa ne a cikin yawancin babura, da injunan ban ruwa da mu ke kai wa fadama da rani.

A jikin fistan akwai 'yan zobban ƙarfe, kanikawa su kan ce musu ringi. Su ke tare iska kada ta zurare ta gefe. Ku riƙe wannan kalma, za mu sake gamuwa da ita.

Amma injin fistan yana da aibu. Fistan ya hau, ya tsaya, ya komo, ya tsaya, sau dubbai a minti guda. Shi ya sa inji ya ke jijjiga. Sai masu tunani suka ce, tun da taya juyawa ta ke yi, me zai hana a yi inji wanda shi ma juyawa kawai zai yi, kamar mazari a hannun mai kaɗi?

5. Inji Mai Juyawa

An yi iri biyu. Na fari na jirgin sama ne. A 1908 waɗansu 'yan'uwa Faransawa masu suna Seguin suka ƙera inji mai suna Gnome. Silinda bakwai gare shi, an jera su kewaye kamar tauraro. Sandar tsakiya ba ta motsi. Injin ɗungum shi ke juyawa tare da farfela, iska tana sanyaya shi. Da man zurma a ke shayar da shi, zurman nan da ke fitowa a bayan gidajenmu, yana kuwa fesa wa matuƙi man a fuska. An yi aiki da shi ƙwarai a yaƙin 1914 zuwa 1918. Amma da aka so ƙara masa girma, sai nauyinsa mai juyawa ya riƙa fizgar jirgi gefe guda. Aka bar shi.

Na biyu shi ne na Felix Wankel, Bajamushe, wanda aka haifa a 1902 ya rasu a 1988. Idonsa ba ya gani da nisa, har ya mutu bai taɓa samun lasin tuƙi ba. Duk da haka ya yi shekaru da yawa yana neman inji marar fistan. Ran 1 ga Fabrairu 1957 injinsa ya tashi a ma'aikatar kamfanin NSU.

Ga yadda ya ke. Ku dubi kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, mai ɗan tsukakken tsakiya. Cikin tukunyar injin kusan haka siffarsa ta ke. A ciki akwai wani curin ƙarfe mai kusurwa uku, gefensa uku duka sun ɗan yi tozo. Yana juyawa yana kewayawa, kusurwoyinsa uku kullum suna shafar bangon tukunya. Saboda haka cikin tukunyar ya rabu ɗaki uku. In ƙarfen ya juya, ɗakunan su kan buɗe su kan tsuke. Sa'ad da wannan ɗaki ya ke shaƙar iska da fetur, wancan yana matsewa ko yana cin wuta, na ukun yana fid da hayaƙi. Ayyukan nan huɗu na fistan duka yana yinsu, ba tare da ya tsaya ya komo baya ba. In ya kewaya sau ɗaya, wuta ta tashi sau uku, sandar inji kuma ta juya sau uku.

Injin ƙarami ne, ba nauyi, ba jijjiga, sassansa kuma kaɗan ne. Manyan kamfanoni na duniya suka yi ta rububin sayen iznin ƙera shi. NSU ya fitar da mota mai irin wannan inji a 1964, ya sake fitar da wata babba mai suna Ro 80 a 1967.

6. Abin Da Ya Hana Shi Yaɗuwa

Kun tuna da ringi? Injin Wankel shi ma yana da abin tare iska. A bakin kowace kusurwa akwai ɗan siririn ƙarfe mai gugar bango. To, nan cutar ta ke. Waɗannan 'yan ƙarafa su kan cinye da wuri. Da sun cinye sai iska ta zurare daga wannan ɗaki zuwa wancan, ƙarfi ya tafi. Masu motocin NSU na fari suka yi ta komo da su tun ba a je ko'ina ba, kamfanin yana sake musu inji daga aljihunsa. Hasara ta yi yawa. A 1969 kamfanin Volkswagen ya karɓe shi, a 1977 aka daina ƙera Ro 80.

Akwai wani aibu kuma. Ɗakin da wuta ke ci a ciki dogo ne siriri, fetur ba ya ƙonewa duka. Saboda haka injin yana shan mai da yawa. Dole kuma a riƙa ɗiga masa baƙin mai a ciki domin ƙarafan kusurwa, man yana ƙonewa yana ƙara hayaƙi.

Kamfani guda ne ya jure, shi ne Mazda na birnin Hiroshima a ƙasar Japan. Ku lura da wannan: abin hawa na fari da wannan kamfani ya ƙera, a 1931, keken kaya ne mai ƙafa uku. A 1945 Amurka ta jefa wa birnin bom ɗin nan mai hallakarwa, amma kafin shekarar ta ƙare sun koma ƙera kekunansu. A 1961 suka sayi iznin injin Wankel. Wani injiniya mai suna Kenichi Yamamoto ya shugabanci mutum 47, suka yi ta gwada ƙarfe iri iri har suka sami wanda ya ke daɗewa a kusurwa. A 1967 suka fitar da mota mai suna Cosmo. A 1973 fetur ya yi tsada a duniya, mutane suka guji mota mai shan mai, kamfanin ya sha wuya ƙwarai. Bai bari ba. A 1991 motarsu mai inji mai juyawa ta ci tseren Le Mans a Faransa, inda a ke gudu sa'a 24 dare da rana. A 2012 suka daina sa shi a motocin sayarwa. A 2023 suka komo da shi ƙarami, yana ba da wuta ga batirin wata mota mai tafiya da lantarki.

Kun ga dalilin da ya sa keken da ke Kwana da fistan ya ke tafiya. Injin Wankel ya fi shi ban sha'awa. Amma injin fistan ba ya shan mai da yawa, kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Inji mai amfani ga talaka shi ne wanda ya ke iya ciyarwa, ya ke kuma iya gyarawa.

7. Tada Tsohon Keke

Ga misali. A ce wani saurayi ya sami tsohon keke da araha, ya daɗe a yashe bayan gida, kaji suna kwana a ciki. Ya tura shi zuwa wurin wani tsohon bakanike.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Ina so a yi masa fenti, a sa sabuwar rumfa, in fara aiki jibi."

Tsoho ya ce, "Yauwa, ɗana. Fenti shi ne na ƙarshe. Ina takardunsa?"

Saurayi ya miƙa. Tsoho ya ce, "Karanta mini lambar da ke jikin takarda, sa'an nan ka sunkuya ka karanta wadda ke jikin inji."

Saurayin yana zuwa aji kamar ku. Ya karanta, lambobi suka zo daidai. Tsoho ya ce, "Madalla. Da sun saɓa, da sai in ce ka mai da shi, kada a kama ka da kayan sata."

Suka kwantar da keke suka duba ƙarfen gindinsa, ko ya tsage ko tsatsa ta ci shi. Suka zubar da tsohon baƙin mai suka sa sabo. Suka wanke tanki da kafireta, suka sake fulogi. Inji ya tashi, sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe.

Saurayi ya ce, "Baba, wannan fa?"

Tsoho ya ce, "Ringi ya cinye, baƙin mai yana hawa sama yana ƙonewa. Da hayaƙin baƙi ne, da sai in ce fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Ka san abin da ya cinye ringin? Ƙura. Dubi matatar iska, ta yage, mai shi bai kula ba. Ƙurar hunturu in ta shiga silinda kamar yashi ta ke a cikin tuwo."

Aka sa sabon ringi da sabuwar matata. Aka gyara birki, aka ɗaure wuyan ƙafar gaba, aka sa fitilu. Bayan wannan duka aka yi fenti.

Tsoho ya ce, "Kwanakin farko ka bi shi sannu, ba gudu, ba lodi mai nauyi, sai ringi ya zauna. Ka sayi ɗan littafi. Ran da ka sake baƙin mai ka rubuta. Ran da ka biya wani kuɗi ka rubuta, mai karɓa ya sa hannu. Na ga waɗanda suka gama biyan bashin keke aka ce saura, don ba su rubuta ba."

8. Tuƙi

Murhu mai duwatsu uku ba ya girgiza, gama tukunya zaune ta ke wuri guda. Keke kuwa tafiya ya ke yi. In ya shiga kwana da gudu, nauyi ya kan karkata waje, ya kuma zubo gaba. A wannan gefe na gaba babu taya mai tare shi. Sai ƙafar baya ta ciki ta ɗaga, keke ya kife. Ku riƙe waɗannan:

1. Ka rage gudu tun kafin ka kai kwana. Kada ka bari sai ka shiga sa'an nan ka danna birki da ƙarfi.

2. Kaya masu nauyi ka sa su ƙasa, tsakanin ƙafafun baya. Kada ka tula buhu bisa rumfa.

3. Kada ka ɗauki mutum a gefenka. Yana hana hannunka sakewa, yana kuma kai nauyi inda babu taya.

4. A gangara ka sa ƙaramar giya, inji ya riƙe keke. Kada ka kashe inji don tsimin mai. Hanyar Doguwa tana da hawa da sauka.

5. A babbar hanya ka bi gefe. In tirela za ta wuce ka riƙe hannu da kyau, gama iskarta tana ture ƙaramin abu.

6. Kowace safiya ka duba baƙin mai, da iskar tayoyi, da birki, da fitila.

7. Ka karanta allunan bakin hanya. Domin kai aka kafa su.

Sannu ba ta hana zuwa. Matar nan ta Benz da mil 10 a sa'a ta kai 'ya'yanta gidan kakarsu, ta kuma komo da su lafiya.

Sababbin Kalmomi

silinda, fistan, ringi, fulogi, kafireta, salansa, farfela, kusurwa, matata

Tambayoyi

1. Ƙafa nawa ne ga motar Karl Benz? Don me?

2. Ina aka samo sunan Adaidaita Sahu?

3. Faɗi ayyuka huɗu na fistan bi da bi.

4. Da me cikin tukunyar injin Wankel ya yi kama?

5. Faɗi aibu biyu da suka hana shi yaɗuwa.

6. In keke yana fid da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, me ya lalace?

7. Me ke sa keke ya kife a kwana?

Lissafi

1. Daga 1886 zuwa 1957 shekara nawa ke nan?

2. In ƙarfe mai kusurwa uku ya kewaya sau 40, sau nawa sandar inji ta juya?

Aikin Rubutu

Kowa ya ja layi uku a littafinsa. A kan na fari ya rubuta Rana, a kan na biyu Abin Da Aka Yi, a kan na uku Kuɗi. Ya cika layi biyar kamar shi ne mai keke. Wanda ya ke da ɗa ko ƙane mai tuƙa keke, ya karanta masa kashi na 8 yau da dare, gobe ya gaya wa Malam abin da ya ce.